Gidan Zanzaro a Bakin Bututu

Lahadi, hantsi

Sun hana ni zuwa. Baffa Malam Dabo ya ce hanyar Gwarzo ba ta mai tsohon ciki ba ce, Zaituna kuma ta ɗauke hijabina ta ɓoye, wai don kada in sulale. Ƙanwar miji ce, amma yau ji take kamar ita ta haife ni. To na zauna. Duk wanda na buɗe baki zan yi wa magana a gidan nan sai ya ce, "Haƙuri, Sa'ada." Gara in yi da takarda, ita ba ta san wannan kalmar ba.

Zubair yana asibiti tun jiya da la'asar. Yana numfashi. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan.

Warin yana nan.

Lahadi, bayan la'asar

Matan garin nan namu na Garo sun cika tsakar gida da sannu, kowacce da bakin mayafi a hanci, kowacce tana yi kamar mura ce ke damunta. Wai aljani ne a ramin. Wai an haƙa a kan hanyarsu. Na ji har da mai cewa dama abin Turawa ba ya zama a gidan malamai. Na shige ɗaki don kada in yi abin kunya.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina ya daina juyawa.

Shi ya gina banɗakin nan da hannunsa, a cikin ɗakina, bayan ɓarina na uku. Ya ce ba zan sake tsugunno a masan bayan gida ba. Shekarun da ya yi a Ikko a jirgin ruwan wani Bature ya yi su, irin jirgin nan mai ƙyalle da iska ke turawa, kuma aikinsa har da banɗakin jirgin. Ina yi masa tsiya, in ce mutane na zuwa Ikko su dawo da mota, shi ya dawo da ilimin kashi. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki sani ba. Tankin ƙazanta ma numfashi yake. Ki toshe masa hanci, sai ya nemi naki." Don haka ya sa wa ramin wani siririn bututu, ya bi da shi jikin bango har ya ɗara rufi kaɗan.

A watan da cikin nan ya zauna, zanzaro ya fara kai laka bakin bututun. Kafin mu ankara ya liƙe shi ruf. Ruwan kwanon masai ya fara ɓulɓul shi kaɗai, ɗaki ya ɗauki warin baragurbi. Zubair ya ɗauko wayar ƙarfe ya jingina tsani, ya ce a jirgi ma haka zanzaro ke yi musu, tsokana ɗaya ce. Inna Gwamma, mahaifiyarsa, ta fito daga madafa da gudu ta riƙe ƙafar tsanin. Tsohuwar da sai ta dafa bango take miƙewa! Ta ce ba a fasa gidan zanzaro da mai ciki a gida. Ta ce a garin Gude, tana da cikinta na fari, wata ta share irinsa daga bangon ɗakinta, ba a kwana biyu ba cikin ya zube. Ta ce a bari in sauka lafiya, sannan ya fasa duk abin da ya ga dama.

Ya sauko. Wa zai ga hawayen uwarsa ya ƙi saukowa?

Litinin, da safe

Ban ci komai ba sai koko, shi ma ya dawo. Yaron yana motsi sosai. Na ce yaro, ban san ko yarinya ba ce.

Litinin, bayan azahar

Ban ƙarasa na jiya ba.

Zubair ya yi watanni yana lallaɓa Inna. Baffa ma ya ce mata camfi ne, babu shi a littafi. Ta ce ta ji, Malam, Allah ya ƙara sani, amma a bari a haihu. Da zafi ya tsananta wari ya hana mu sakat, ni kuma ga ciwon kai. Shi ne ranar Asabar Zubair ya ce ya samo dabara: zai bar wa zanzaro gidansa, ya buɗe murfin ramin ya huda wata ƙofa daga ciki, ya sa sabon bututu ta ɗaya gefen. Kowa ya huta, Inna ta huta, ni in huta. Ya san ba a shiga irin ramin nan da an buɗe, shi da bakinsa ya sha faɗa. Ya ce zai bar shi ya sha iska. Ya bar shi ɗin, amma gajen haƙuri irin nasa, yana son ya gama kafin magariba.

Ina tankaɗe na ji tsanin ya yi ƙara. Na kira shi bai amsa ba.

Mudi maƙwabcinmu ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga da numfashinsa a riƙe. Sauran ba zan rubuta ba.

Laraba, hantsi

Baffa ya sa an mayar da murfin, an bi gefensa da siminti, don kada yara ko awaki su faɗa. Ban ga laifinsa ba. Amma yanzu ramin ba shi da ko tsaga, duk abin da ke ciki ta ɗakina yake fitowa. Na cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofar banɗakin. Na koma masan bayan gida, wanda aka yi duk wannan wahalar don kada in shiga.

An aika wa magina biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Kabo. Na nan ya ce yana da aiki har bayan salla. Na Kabo ya zo, ya tsaya daga zaure, aka ba shi labari, ya ce babur ɗinsa ya bari a rana. Har yanzu yana gyara wa babur wuri.

Laraba, bayan magariba

Inna ta aiko Zaituna da farfesun kaza. Na ce a mayar. Ta sake aikowa. Na bar shi a bakin ƙofa har mage ta same shi. Allah na tuba, amma wallahi ba na iya kallon fuskarta. Ita ma ba ta kallon tawa. In za ta wuce ƙofata sai ta ce, "Sannu 'yar nan, ya jikin?" tana duban ƙasa, ni kuma in ce da sauƙi ina duban bango.

Alhamis

Wari. Ciwon kai. Ba labari.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ya farka!

Zaituna ce ta kira daga asibiti, ta ce ga Yaya. Na ji numfashi kamar ana jan tabarma a ƙasa, na ce, "Zubair? Zubair, ni ce." Ya daɗe kafin ya haɗa magana. Bai tambayi inda yake ba, bai tambayi uwarsa ba. Cewa ya yi, "Kina ɗakin?" Na ce ina ciki. Ya ce, "Fita. A sa waya a bututun. Yau." Tari ya sarƙe shi, na ji nas tana faɗa, aka karɓe wayar.

Na ce to. Ban sani ba ko ya ji.

Na fita tsakar gida na ɗaga kai. Ga shi can, ɗan curin laka bai kai dunƙulen hannuna ba. Na daɗe a tsaye. Yaron ya yi wani juyi a cikina, na dafa bango, na koma ɗaki.

Inna ta tambaye ni me ya ce. Na ce yana gaishe ta.

Asabar, da yamma

Na je awo, Mudi ya kai ni a motar ƙaninsa. Sista ta ce jinina ya hau, ƙafafuna sun kumbura fiye da kima. Ta tambaye ni ina amai, na ce e. Ina jiri, na ce e. Da na gaya mata zancen ɗakin sai ta ajiye biro ta dube ni. "Malama Sa'ada, ke fa mai koyarwa ce. Iskar da ta kayar da ƙato ita kike shaƙa da ciki wata takwas? Ko a gyara, ko ki bar gidan." Na ce za a gyara.

Kowa ya iya cewa a gyara. Ita ba ta taɓa wanke zane uku a ɓoye ba, tana jin matan gida suna rage murya.

Ni ban yarda da zancen zanzaro ba. Na rantse ban yarda ba. Ina koya wa yara cewa ba mai rayawa ba mai kashewa sai Allah. Amma cikin nan shi kaɗai ne ya wuce wata huɗu, kuma shi kaɗai ne aka yi da laka a bakin bututu. Me zan yi da wannan?

Lahadi, hantsi

Na kwashe shimfiɗata zuwa rumfa. Sauro ya yi biki.

An wuce da shi Kano. Sun ce huhun ne. Baffa ya bi su.

Talata, bayan azahar

Innata ta zo daga Kara ta ce in haɗa kaya, goyon ciki dama a gida ake yi, ta gaji da kawaici. Na ce sai ya dawo. Ta ce, "Ke da wa kike gardama, ni ko ramin?" Na ce ba zai dawo ya tarar da ɗaki a rufe ba. Ta yi fushi ta tafi ko ruwa ba ta sha ba, a zaure na ji tana ce wa Inna Gwamma a gaida mutan gida, da irin muryar da ake yanka albasa da ita.

Zaituna ta ce yau ya buɗe ido sau ɗaya. Ta ce leɓensa na motsi, ta kai kunne, ba ta gane ba. Ni na san abin da yake cewa.

Laraba

Ban sa an kira Mudi ya sa wayar a bututun ba. Gobe.

Alhamis, da safe

Gobe.

Alhamis, bayan la'asar

Wayar Baffa aka kira, shi da ya dawo jiya, ba tawa ba. Yaron makarantarsa ne ya shigo ya ce a share zaure a shimfiɗa tabarmi. Inna tana tsince shinkafa. Ta ci gaba da tsincewa har ta gama, ta rufe kwanon, sannan ta shiga ɗaki.

Juma'a

An kai shi da hantsi.

Na cire 'yan kunne.

Litinin, bayan azahar

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Ba sa daɗewa dama, warin ke sallamar su. Wata ta ce mini in gode wa Allah da ya bar mini abin tunawa. Wata ta ce in kula da cikin nan da kyau, shi ke nan abin da ya rage wa Gwamma a duniya. Zaituna na zaune a wurin, kamar ita ba 'ya ba ce.

An mayar da ni ɗakina. Mai takaba a ɗakin mijinta take kwana, har ta haihu. Na buɗe taga, na ƙara tsumma a ƙofar banɗaki, na jiƙa shi. Ruwan kwanon yana ta ɓulɓul, kamar mai son a kula shi.

Rigarsa ta aiki tana rataye a ƙusa. An wanke ta sau biyu.

Talata, da yamma

Na aika a kira mini Baffa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi mini gaisuwa mai tsawo, ya jikin, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Na gaya masa abin da Sista ta ce. Na tambaye shi ko shari'a ta yarda in ƙarasa takaba a Kara.

Ya ce in akwai cutarwa ta yarda. Sai ya ce, "Amma Sa'adatu, cutar da sanda ɗaya ke kawarwa, da wuya in kira ta lalura. A fasa abin nan kawai. Na faɗa tun farko, camfi ne."

Na ce, "To Baffa, ga tsani can."

Wallahi haka na ce masa, ni da ko ido ba na haɗawa da shi. Ya dubi tsanin, ya dubi cikina, ya gyara hula. Ya ce zai sa a nemo wani cikin samari. Na san ba zai nemo ba, kuma ba wanda zai zo. Kowa ya yarda camfi ne, amma ba mai son a ce hannunsa ne, in aka wayi gari abin da Zubair ya bari ya bi shi. Mudi da ya shiga rami da igiya, da na yi masa zancen ta bakin Zaituna, cewa ya yi a yafe masa wannan.

Laraba

Amai sau ban san adadi ba. Da na miƙe daga sujada sai ɗakin ya juya. Yaron bai cika motsi ba yau. Ko kuwa ni ce nake ƙirgawa da yawa.

Ina jin haushin kowa. Ina jin haushin Inna, da Baffa, da Baturen da ya koya masa, da siririn bututunsa na iyayi. Ina jin haushinsa shi ma, da bai iya jira ramin ya huce ba. Na faɗa, kuma ba zan goge ba.

Alhamis, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da hantsi na ga ɗigon duhu-duhu a idona, irin wanda Sista ta ce in na gani kada in yi wasa. Na ce to, ya isa. Na ɗauko gorar da muke kaɗe yanar gizo, na samo wayar da ya lanƙwasa tun ran nan, tana nan a bayan randa inda ya jefar, na ɗaure ta a kan gorar da igiyar guga. Zaituna ta tafi kai niƙa. Na tsaya a gindin bango na miƙa. Ban kai ba, saura kamar kamu ɗaya. Na jawo turmi na kifa.

Ƙafata ɗaya na kan turmin na ji an riƙe gorar.

Ban san ta fito ba. Tun ranar Juma'a ba ta fito ba sai don alwala. Ta rame, ɗankwalinta a karkace. Na ce, "Inna, sakar mini." Na ce, "Ya ce a sa waya. Ranar da ya farka abin da ya ce ke nan, ba gaisuwa ba ce." Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, na shirya wa duka biyun.

Ta ce, "Na sani. Na ji ki a waya, na kuma ga inda kika ɗaga kai kika kalla."

Ta ce, "Sauko, 'yar nan. Ba da hannunki ba. In wani abu ya faru ba za ki iya zama da kanki ba. Ni na riga na ɗauki alhakin ɗaya, in haɗa."

Ta hau turmin, ni na riƙe mata ƙugu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta yi bismilla, ta tsokana, ta kuskure, ta sake. A na uku lakar ta ɓare ta zubo mana a ka. Bututun ya yi wani dogon huci, wari ya turnuƙe mu har sai da na durƙusa, awaki suka yi waje. Can iska ta kwashe shi.

Ta sauko ta tsuguna tana tona ɓaraguzan da yatsa. Busasshiyar laka ce da ƙwarangwal ɗin tsutsotsi. Ba zanzaro ko ɗaya, ya daɗe da tashi. Ta tattara a bakin zaninta ta shiga ɗaki da su.

Ruwan kwanon ya yi shiru.

Alhamis, bayan magariba

Bai motsa ba tun lokacin.

Juma'a, da asuba

Bai motsa ba. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, na yi duk abin da aka ce. Ɗakin ba wari, kaina ya saki, rabon da in ji haka na manta. Ban gaya wa kowa ba. Na duba zanina sau da yawa, ba komai.

Ya Allah. Ya Allah, kada ka ba ta gaskiya.

Juma'a, hantsi

Ba sallama ta shigo, ita da ba ta taɓa wuce bakin ƙofata ba tunda aka kawo ni gidan nan. Kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun jiya. Ta ce wa Zaituna ta ruga ta ce Mudi ya kawo mota. Sannan ta ɗora tafin hannunta a cikina, ta rufe ido, bakinta na motsi.

Muna nan zaune. Ina jin kaji a waje, ina jin yaran makarantar Baffa. Hannunta sanyi ƙalau.

Sai ya harba. Ba ɗan motsi ba, harbi sosai, daidai ƙarƙashin tafinta, har hannun ya ɗaga. Ya sake. Ya juya gaba ɗaya kamar mai neman faɗa. Na fashe da kuka ina dariya, ina cewa Inna kin ji, Inna kin ji shi?

Ta ce, "Na ji. Lafiyarsa ƙalau."

Ba ta ɗauke hannun ba. Na ga fuskarta tana sauyawa a hankali, sai a lokacin na gane abin da harbin nan ya gaya mata. Ta dubi ƙofar banɗakin, ta dubi rigar da ke jikin ƙusa.

Ta ce, "Ashe da na sakar masa tsanin nan..."

Mudi yana ta hon a waje. Ba wadda ta tashi a cikinmu.